Jikan Cilakowa

A zamanin da, tun ana auna girman gari da yawan rumbunansa, an yi wani sarki wanda shari'ar gonaki ta hana shi sakat. Kowace kaka, da an kawar da amfanin gona, sai fada ta cika maƙil da masu ƙara. Wannan ya ce an ci masa iyaka, wancan ya ce kunya uku aka shigo masa, kowa da rantsuwarsa, kowa da tsohon da zai tsaya masa. Sarki ya gaji. Ran nan ya tara fadawa, ya ce a nemo masa hanyar da za a kashe wannan wuta gaba ɗaya.

Wazirinsa, wani dogon mutum mai suna Jatau, mai sanyin murya da mugun ciki, ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a kafa doka. Duk gonar da aka yi jayayya a kanta, a duba itatuwan da ke cikinta. Wanda ya tabbatar shi, ko ubansa, ko kakansa ne ya dasa su da hannu, gona tasa ce. Itacen da ya tsiro don kansa kuwa ba shaidar kowa ba ne, sai a bar gona ga mai nomanta."

Sarki ya ga shawara ta yi kyau, ya sa aka yi shela birni da ƙauye. Abin da bai sani ba shi ne, ba don zaman lafiyar talakawa waziri ya kawo dokar nan ba. Gona guda ya auna, ya ɗinka dokar daidai da ita.

Gonar tana bakin rafi, bayan ganuwa ta gabas, baƙar ƙasa ce mai riƙe laima har cikin rani. A gefenta na arewa akwai jerin ƙananan itatuwan daji, magarya ta fi yawa a ciki, sun miƙe sambal tun daga bakin hanya har ruwa. Mai gonar wata tsohuwa ce, Tabawa 'yar Tunau. Ita kaɗai ta rage wa ubanta, kuma gonar ce kaɗai ta rage mata. Da damina ta noma gero, da kaka ta tsinci magarya ta daka, ta yi tuwon magarya ta kai kasuwa. Bakinta kuwa, Allah ya raba ka da shi. In Tabawa ta tsaya a kanka, sai ka gwammace a mare ka a huta.

Abokan gabarta biyu ne a duniya. Na farko tsuntsaye. Da kaka ta kama, magarya ta yi ja, cizaki ya nuna ya yi baƙi, sai su sauko mata kamar an aika musu goron gayyata: cilakowa, da tsirya, da tarin ƙanana waɗanda ba ta ma damu ta san sunansu ba. Fiye da shekara arba'in tana jifansu da hoge tana zaginsu. "Ɓarayin banza," in ji ta, "ranar noma ba a ganinku, ranar ci kun riga mai gona."

Na biyu shi ne waziri. Shekara uku kafin dokar, ya aiko mata wani bafade, wai ta bar masa gonar ya ba ta wata a kan tudu, inda kowa ya san fako ne, ko ƙaya ba ta son wurin. Tabawa ta ɗauko ƙoƙo, ta cika shi da ƙwallayen magaryar da ta gama tsotsewa, ta miƙa wa manzon. Ta ce, "Kai masa. Ka ce iyakar rabonsa ke nan a gonar Tunau." Shi kuwa bafaden, da yake Allah bai ba shi kai ba, ya kai saƙon a gaban jama'a, bai rage ko kalma ɗaya ba. Mutane suka yi dariya, waziri ma ya taya su. Amma tun daga ranar bai ƙara ganin magarya ransa bai ɓaci ba.

Kwana biyu da yin shela, dogari ya iske Tabawa tana sheƙar gero, ya ce sarki na kira. Ta tarar da fada a cike, waziri na zaune kusa da sarki yana jan carbi.

Waziri ya ce, "Zaki, gonar bakin rafi ta kakana ce. Aro ya ba Tunau, mutuwa ta ɗauke su duka biyu, aka yi shiru da maganar. Shaidata tana tsaye a gonar yanzu haka. Kowa ya san itacen daji inda ya ga dama yake tsirowa, ɗaya nan, ɗaya can. Wanda ya ga itatuwa sun jeru, ya san hannu ne ya jera su. Kakana ne ya dasa magaryar nan, ina yaro ina riƙe masa butar ruwa."

Sarki ya aiki dattawa biyu su dubo. Suka dawo suka ce ko zaren masaƙa bai fi itatuwan nan miƙewa ba. Sarki ya dubi Tabawa ya ce, "Ke baiwar Allah, ko ubanki ne ya dasa su?"

Da Tabawa ta ce i, da sai rantsuwa ta kara da rantsuwa. Amma duk kaifin bakinta, ba ta iya ƙarya ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ubana bai taɓa dasa magarya ba. Wa ke dasa magarya, in ba wanda ya rasa aikin yi ba? Amma kakan wannan ma bai dasa ba. Na san shi sarai. Mutumin da ko fartanya bai san ta ina ake riƙe ta ba, jakunan mutane yake kora."

Dogarai suka daka mata tsawa ta gyara harshenta. Carbin waziri ya tsaya a hannunsa, amma fuskarsa ba ta motsa ba.

Sarki ya ce, "To, in ubanki bai dasa ba, kakan waziri bai dasa ba, wa ya jera su?"

Nan bakin Tabawa ya mutu, abin da ba a taɓa gani ba. Ta ce ba ta sani ba. Sarki ya ce ya ba ta kwana uku ta kawo wanda ya ga yadda itatuwan suka samu, in ba haka ba maganar waziri ta tsaya.

Ta fita tana jin tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, don in gonar nan ta tafi, ba ta da inda za ta sa kanta. Ta bi gidajen tsofaffin da suka yi zamani da Tunau, waɗanda suka sha furarsa ba sau ɗaya ba. Wannan ya ce idonsa ya mutu, wancan ya ce mantuwa ta kama shi. Ɗaya ne ya gaya mata gaskiya, ya ce, "Tabawa, ina da jikoki a garin nan, kuma waziri ya san sunayensu." Ta zage shi tas, ta fito, amma zagin bai ba ta shaida ba.

Ran kwana na uku da hantsi ta tafi gona ta zauna a ƙarƙashin rumfarta. Tsuntsaye suna ta shagali a kan magarya, ita kuwa ko ƙarfin ɗaukar hoge ba ta da shi. Wani cilakowa ya haɗiye 'ya'ya uku a jere, ya tashi ya sauka a kan doguwar gorar da take rataya irin gero. Wasu suka biyo shi, suka jeru a kan gorar kafaɗa da kafaɗa. Can sai cilakowan ya ɗaga wutsiya ya sako kashi, saura kaɗan ya same ta a ƙafa.

Ta miƙe a fusace za ta ɗura masa ashar, sai idonta ya faɗi a ƙasa. A ƙarƙashin gorar kashin tsuntsaye ya ja zane fari da shuɗi, cike da ƙwallayen magarya da 'ya'yan cizaki, tsawonsa daidai tsawon gorar. A cikin zanen kuma ga ƙananan tsirrai na bara, sun fito ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya ta yi ta kallo. Sai ta tuna tana yarinya ubanta ya kafa danga a gefen arewa don shanun da ke wucewa rafi, da dirkokin ƙirya. Dangar ta faɗi tun kafin a yi mata aure, kuma a daidai gurbinta itatuwan nan suka taso.

Ta ɗaga kai ta dubi cilakowan, ta ce, "Ashe kai ne, ɗan banza."

Da azahar ta durƙusa gaban sarki, ta roƙi a ba ta izinin yi wa waziri tambaya biyu kafin ta kawo shaidu. Sarki ya yarda.

Ta ce, "Waziri, me kakan naka ya dasa?"

Ya ce, "Magarya."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai. Ko kin ƙara kurumcewa ne?"

"To, a wurin da ya dasa, akwai danga?"

Waziri ya lissafa a ransa cewa in ya ce akwai, za a ce Tunau ne ya killace abinsa, kuma mai aro ba ya killace gonar wani. Ya ce, "Ba a taɓa kafa ko dirka ɗaya a wurin ba. Na rantse da rawanin sarki."

Tabawa ta ce, "Fada ta ji." Ta juya ga sarki. "Zaki, shaiduna suna da yawa, amma ba sa shiga zaure. Ba su da hannu, su kuwa suka yi dashen. Ɓarayi ne dukkansu, shekara arba'in ina zaginsu. Kuma, Allah ya ba ka haƙuri, ba da baki suke ba da shaida ba."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, tsohuwar nan fada take rainawa. A fitar da ita."

Ran sarki ya ɓaci, amma kacici-kacicin ya riga ya kama shi. Ya ce ta faɗi abin da take so. Ta ce a share fili kusa da itatuwan, a kafa dirka biyu, a ja igiya a tsakaninsu, a bar ta kwana bakwai, ran na bakwai sarki ya zo da kansa ya ji abin da igiya za ta ce.

Sarki ya ce, "An yi miki. In igiya ta yi shiru, ƙafarki ba ta ƙara taka gonar nan."

Mugu ne waziri, amma ba wawa ba ne. Tun kafin a gama ɗaure igiyar ya gano inda tsohuwa ta dosa. Sai ya roƙi sarki a bar shi ya sa barorinsa su yi gadin wurin, wai kada Tabawa ta yi wani surkulle. Suka zo da majajjawa da ganguna da tsofaffin ƙore. Ba su hana tsuntsu cin magarya ba, don ƙaya ta yi musu yawa, amma da ya nufo igiya sai dutse da ihu su tare shi. Tun fitowar rana har faɗuwarta haka suke yi, suna karɓa-karɓa.

Ka ji ikon Allah. Shekara arba'in Tabawa tana fatan ta sami mai kore mata tsuntsaye, yau ga ƙarti goma suna yi mata kyauta, ita kuma tana tsaye daga bakin hanya tana roƙonsu su bari. Suka yi mata dariya, ɗaya ya ce, "Iya, ai taimakonki muke yi." Kwana biyar suka wuce, ƙarƙashin igiya fes, ko kashin ƙadangare babu.

Ran na shida baƙin ciki ya hana ta tsayawa kallonsu. Ta bi rafi ta yi ƙasa, ba ta san inda za ta ba, har ta kai wata kwana mai shiru inda Korau mai wankin sarki yake ja igiyoyinsa na shanya. Ta same shi riƙe da wani dogon farin rawani, yana ta tsine wa tsuntsaye.

Ya ce, "Iya, dubi masifa. Shekara goma sha ina shanya a nan, ban taɓa ganin haka ba. Kwana biyar ke nan tsuntsayen duniya sun tare a igiyoyina. Su je can su ƙoshi, su zo nan su sauke. Kashin tsuntsun da ya ci cizaki kuwa ko da toka ba ya fita. Wannan rawanin Juma'a ne."

Tabawa ba ta dubi rawanin ba, ƙasa ta duba. A ƙarƙashin kowace igiya zane ya miƙe, fari da shuɗi, ƙwallaye a jere. Shaidun da waziri ya kora ashe nan suka koma da zama.

Ta ce, "Kada ka share wurin nan, kada ka wanke rawanin nan. Gobe ka zo da shi gonata."

Korau ya ce, "In nuna wa sarki wannan? Kaina kike so a sare?"

Ta ce, "In ka kawo da kanka, laifin waziri ne da ya koro su. In ka ɓoye, ni zan faɗa, kuma ka san yadda nake faɗar magana." Korau ya san ta, kowa ma ya san ta. Ya naɗe rawanin ya sa a hammata.

Ran na bakwai da safe sarki ya fito da fadawansa, rabin gari na biye. Aka tsaya a kan igiya, aka duba sama, aka duba ƙasa, ba komai. Waziri ya yi murmushi ya ce, "Zaki, na kasa kunne, ban ji igiya ta ce uffan ba."

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, shaiduna sun zo, barorin waziri suka jefe su. Da suka ga an hana su magana a nan, sai suka je suka rubuta shaidarsu a inda ba mai iya gogewa."

Ta yafito Korau. Ya fito ya warware rawanin a gaban sarki, shuɗi ɗigo-ɗigo tun daga wannan baki har wancan. Fuskar sarki ta haɗe, dogarai suka gyara tsayuwa. Ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Korau ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba, bai rage ba. Sarki ya ce a kai shi wurin.

Da suka isa wurin shanya, tsuntsaye suna jere a kan igiyoyi, sun ƙoshi suna gyaran gashi. Sarki ya hana kowa motsi. Ya sauka ya bi zanen da ƙafa tun daga dirka har dirka, ya sa aka tsinto masa ƙwallayen a tafin hannu. Tabawa ta ce, "Zaki, in ruwa ya sauka a kan wannan, baɗi me za a gani a nan?" Sarki ya juya ya nufi gonar.

Ya sa dattawan nan biyu su bi jerin itatuwan su faɗi abin da ke ciki. Suka ce magarya ce, sai cizaki, sai magarya biyu, sai dargaza, sai cizaki kuma, a cakuɗe ba tsari. Waziri, wanda bai taɓa ganin wurin ba sai daga kan doki, ya fara share gumi. Sarki ya ce a kawo magirbi a tona gindin itatuwan. Ba a yi kamu biyu ba ƙarfe ya bugi wani abu mai tauri. Aka ciro guntun dirkar ƙirya, baƙi ƙirin, don gara ba ta cin ƙirya. Aka ƙara taku huɗu aka ciro wani, aka ƙara huɗu aka ciro wani, haka har bakin ruwa.

Sarki ya sa aka zube guntayen a gaban waziri. Ya ce, "Ka rantse da rawanina ba a taɓa kafa dirka a nan ba. Ka ce magarya kaɗai aka dasa. Ka ce kana yaro kana riƙe wa mai dashen buta." Ya nuna itatuwan, inda tsuntsaye suka fara dawowa tun da ganguna suka yi shiru. "Ga masu dashen can. Wanne ne kakan naka a ciki?"

Tabawa ta nuna wani cilakowa da ke kan reshe da magarya a baki, ta ce, "Wancan ne mai dogon hanci, ranka ya daɗe. Har kama suke yi."

Dariyar da aka yi a ranar, har masu kamun kifi a ƙetare sun ji ta. Sarki kaɗai ne bai yi ba, don ya ga yadda aka ari bakinsa aka kafa doka don a ƙwace wa talakansa gona. Nan take ya sa dogarai suka warware rawanin Jatau. Ya ce gona ta 'yar Tunau ce, ita da wanda ta bar wa. Ya ce daga yau ba a karɓar jerin itace shaida sai an tona gindinsa. Sa'an nan ya yanke wa Jatau hukunci ya mayar da dangar Tunau da hannunsa, dirka bayan dirka, ba bara, ba mai taya shi, kuma mai gona ce za ta ce ta yi ko ba ta yi ba.

Wata guda Jatau ya yi yana sarar ƙirya, itacen da ke dakushe gatari. Hannun da bai san komai ba sai carbi ya yi kanta, ya fashe. Tabawa tana zaune a rumfarta, ta sa ya tuge dirka ta fi ashirin, wai sun karkace. In cilakowa ya sauka a kan dangar sai ta ce, "Jatau, ajiye gatarin ka gai da kakanka." Masu wucewa rafi suka ɗauka, kasuwa ta karɓa, har sunansa na yanka ya ɓace, ba a kiransa sai Jikan Cilakowa.

Kada ka ce Tabawa ta shirya da tsuntsaye. Washegari ma ta jefe su, ta kira su ɓarayi. Sai dai daga wannan kakar ba ta ƙara tsinkar itatuwa bakwai na ƙarshe da ke bakin ruwa ba, kuma ba ta jifa a wajen. In an tambaye ta dalili sai ta ce, "Ba sonsu nake yi ba. Ladan shaida ne."

Ranar da aka ɗaure kara na ƙarshe, ta bi dangar tun daga hanya har rafi tana girgiza kowace dirka. Da ta ga ba abin kushewa, ta ce ta yi. Jatau ya saɓa gatari zai tafi, ta ce ya dakata, ba a yi mata aiki a tafi hannu sake. Ta shiga rumfa ta fito da ƙoƙo a rufe da faifai, ta miƙa masa a gaban masu wucewa. Ya buɗe. Ƙwallayen magarya ne, an tsotse su tas.

Ta ce, "Na gaya maka tun shekara uku."

Iyakar abin da ya zo kunnenmu ke nan na Tabawa 'yar Tunau da waziri Jatau.